Giram Arba'in da Ɗaya

Akwai wani mai haɗa magani a garinmu na Chichibu, sunansa Hayasaka. Mutum ne mai tsafta da ladabi, amma yana da ciwo ɗaya: komai sai ya auna. A aljihun rigarsa akwai ɗan sikelin da yake auna garin magani, kuma da shi yake zuwa ko'ina.

Duk Lahadi yana fita da ƙungiyarmu ta masu hawan keke. A cikinmu akwai Tsuruta, mai keken zamani marar nauyi, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Hayasaka, yau ma da gadon asibitin ka fito?" in ji Tsuruta. "Keken ƙarfe a wannan zamanin? Sayar wa masu gwangwan ka huta."

Aka yi dariya. Hayasaka bai yi ba. A gaban kowa ya ce zai kawo keken ƙarfe wanda bai kai kilo bakwai ba, kuma Tsuruta ne zai rataye shi a sikeli da hannunsa.

Wannan maganar ce ta kai shi shagon Baba Kuramochi.

Baba Kuramochi ya shekara hamsin da biyu yana ƙera keke da hannu. Shagonsa yana saman tudu, ƙarƙashin tsohon wurin bauta, kuma daga ƙofarsa titi yake gangarowa da kwana bakwai har bakin kogi. Ya auna tsawon ƙafar Hayasaka, da hannunsa, da nauyin jikinsa, sannan ya zaɓo bututun ƙarfe sirara, ya ƙwanƙwasa kowanne da farce yana saurare.

"Ka ji ƙa'idata tun yanzu," in ji shi. "Abin da in ya karye za ka turo keken gida da ƙafa, mu rage masa nauyi yadda kake so. Abin da in ya karye sai an ɗauko ka, ba na taɓa shi. Birki, da ƙafar gaba, da kan keken da kake riƙewa. Kuma ba na ba mutum keke sai na fara gangara tudun nan da shi."

Hayasaka ya ce to. Amma a lokacin idonsa yana kan sikelinsa, yana auna wasu ƙusoshi guda huɗu. Maganar ƙarshen nan ko kunnensa ba ta shiga ba.

Wata biyar suna zaɓen kaya. Sirdi ya zo, Hayasaka ya auna ya mayar. Sarƙa ta zo, ya auna. Feda, tayoyi, har murfin bakin iska. Tsohon ya biye masa a wurare da yawa, ya sa masa sirdi mai tauri kamar katako, ya ce ai mazauninka ne, ba nawa ba. Amma da Hayasaka ya kawo wani birki ɗan firit da ya saya a intanet, sai Baba ya juya shi sau ɗaya ya jefa a kwandon shara.

"Baba, giram sittin fa zai rage!"

"Rage cin shinkafa, ɗana. Ya fi sauƙi."

Ranar da aka gama haɗawa aka rataye keken. Kilo bakwai da giram talatin.

Hayasaka ya tsaya yana kallon lambar kamar an yi masa rasuwa.

"Baba, a da ai mutane suna huda kan keke su rage nauyi. Na gani a tsofaffin hotuna."

Tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Na san masu yin haka. Biyu na raka su maƙabarta. Kada ka sake kawo mini wannan maganar."

A wurinmu mai keke yakan naɗe kan kekensa da ƙyallen auduga da hannunsa, don kowa da yadda yake son riƙonsa. Saboda haka da Hayasaka ya ce zai tafi gida da kan keken ya naɗo, babu wanda ya ga wani abu.

Ranar Asabar da rana, matarsa ta tafi kasuwa, ya zauna a baranda da injin huda. Rami ɗaya, ya auna. Rami biyar, ya auna. Sai da ya yi ashirin da shida, a jere, har kusa da inda hannu yake danna birki. Ya share garin ƙarfen, ya naɗe komai da farin ƙyalle, tsaf. A ransa yana cewa ai a bakin kogi kawai zai riƙa hawa, a hankali, babu abin da zai faru.

Jama'a, duk wanda zai yi ɓarna haka yake lallashin kansa.

Safiyar Litinin aka tashi da yayyafi. Hazo ya rufe saman duwatsu, titin ya yi baƙi yana sheƙi. Baba Kuramochi ya ɗaura kan a jikin keken, ya rataye keken a sikeli.

Kilo shida da giram ɗari tara da tamanin da tara.

Ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya juyo.

"Giram arba'in da ɗaya sun tafi. Ina suka je?"

"Ƙyallen ne, Baba. Na samo marar kauri."

Tsohon ya shafa naɗin da babban yatsansa.

"Hayasaka. Akwai abin da ka taɓa?"

"Babu, Baba."

"To. Mai haɗa wa mutane magani ba zai yi mini ƙarya ba."

Ya ɗauko hular kwanonsa daga ƙusa.

Hayasaka ya matso da sauri. "Ina za ka, Baba?"

"Gangare mana. Ai na gaya maka tun ranar farko."

"Ana yayyafi fa. Ka bari ni zan..."

"In ba a jiƙe ba, yaya zan san birkin?"

Matar Baba, Mama Fumie, ta fito daga ciki tana goge hannu. Shekara hamsin da biyu tana tsayawa a ƙofar nan duk ranar da zai gwada sabon keke. "Sai ka dawo, tsoho. Shayi yana kan wuta."

Kalma uku kacal ake nema daga bakin Hayasaka: na huda shi. Ya buɗe baki. Sai ya tuna fuskar Tsuruta, ya tuna yanzun nan ya ce babu. Ya rufe bakin.

Tsohon ya hau, ya tura.

Daga ƙofar shagon ana hango kwana uku na farko. Ya sha ta farko. Ya sha ta biyu, bayansa a lanƙwashe kamar saurayi. Ya sha ta uku, hazo ya haɗiye shi.

Kwana ta huɗu ita ce mai tsanani. A nan mutum yake danne kan keken da duk nauyinsa ya matse birki.

Ba su ji ihu ba. Ƙara ɗaya suka ji, ƙarama, sannan shiru. A ciki butar shayi ta fara kuka, Mama Fumie ba ta je ta sauke ba.

Kan keken ne ya karye daidai wurin ramukan. Baba Kuramochi bai mutu ba. Amma kafaɗarsa ta dama da wuyan hannun sun farfashe, likitoci suka ce yatsun ba za su ƙara riƙe wutar walda ba.

Sai da Hayasaka ya kwana huɗu kafin ya iya zuwa asibitin. Ya ajiye kwandon lemo, ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa. Mama Fumie ba ta dube shi ba, ta ci gaba da ɓare lemo.

"Jikin keken fa?" in ji tsohon. "Inda na yi walda?"

"Ko tsagewa bai yi ba, Baba."

"Na sani." Ya ɗan yi murmushi. Sannan ya miƙa hannun hagu, ya karɓi rabin ɗan lemon da matarsa ta ɓare, ya ɗora a tafin Hayasaka. "Kai ne gwanin awo. Wannan ya kai arba'in da ɗaya?"

Hayasaka ya sunkuyar da kai yana kallon lemon a tafinsa.

"Ramukan ba su ba ni haushi ba, ɗana. Kowa yana yin wauta, ni ma na yi tawa. Da ka faɗa, da na yi maka faɗa na canza kan keken, mu sha shayi." Ya juya fuskarsa wajen taga. "Amma na tambaye ka."

An rufe shagon a ƙarshen watan. Keken Hayasaka shi ne na ƙarshe da hannun nan ya ƙera, kuma har yau ba a kai wa Tsuruta shi ba. Ni dai duk Lahadin da muka biyo ta kwana ta huɗu, babu mai magana a cikinmu sai mun wuce.

Darasi: Kuskuren da ka ɓoye ba ya ɓacewa, jira yake yi, kuma sau da yawa wanda ya yarda da kai ne yake faɗa masa. In an tambaye ka, faɗi gaskiya tun tana iya ceton wani, kunyar minti ɗaya ba ta kai hannun mutum ba. Ku tura wa duk wanda kuka san son burge mutane yana ɗibarsa.