Sunan da Ummi Ba Ta Amsawa

Ku saurara da kyau, don in na gama ku ne alƙalai.

Saratu ma'aikaciyar jinya ce a Funtuwa. Ta samu aiki a wani gari a Kanada, ta tattara ta tafi da mijinta Ɗahiru da 'yarsu ta fari mai shekara tara. Sunan yarinyar na yanka Rakiya, sunan mahaifiyar Ɗahiru ne, saboda haka babu mai furta shi a gidan. Ummi kowa ke ce mata. Ba abin da ya dami Saratu kamar makarantar da za ta sa ta, don ita aiki zai riƙa cinye mata yini, yarinya kuma ba ta san kowa ba.

A masallacin Juma'a ta haɗu da Baraka, Badamagariya wadda ta shekara goma sha biyar a garin. Saratu ta nuna mata makarantun da ta zaɓo a waya, masu manyan gine-gine. Baraka ta yi dariya ta ce, "Ƙanwata, gini za ki sa ta ko makaranta?" Kwana uku tana yawo da su a motarta. Ba ta shiga ofis, bakin ƙofa take tsayawa lokacin tashi, tana duba fuskokin yara. Daga ƙarshe ta nuna wata ƙarama a bayan layin su Saratu, inda malamai ke rako yara suna kiran kowa da sunansa. Gurbi ɗaya ya rage a aji huɗu, ta sa aka rubuta yarinyar. In ya kuɓuce, sai wata a tsallaken kogi, mota biyu kafin a kai.

Sai takardu suka kawo cikas. Fasfo ya ce Rakiya Ɗahiru, sakamakon makarantarta ta gida kuwa duk Ummi Ɗahiru ne. Aka ce yara biyu ne, aka ba su mako guda su kawo hujja. Saratu ta kira yayarta Zulai a Funtuwa. Zulai ta rufe shagon ɗinkinta. Shugaban tsohuwar makarantar Ummi ya yi ritaya, ta bi shi har ƙauyensu a kan babur, ta same shi a gona, ya rubuta shaida a kan gwiwarsa. Ta je kotu ta yi rantsuwa, ta turo takardun ana saura kwana ɗaya, da saƙo: "Ku da kunyarku kun sa ni cin ƙura."

Ranar ganawa, shugabar makarantar ta dubi yarinyar ta ce, "Rakiya." Ummi ta waiga ƙofa da murna, ta zaci kakarta ce ta iso. Aka sake kira, shiru. Da ta gane da ita ake, sai ta sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya mata a gaban manya. Shugabar ta tambayi Saratu me 'yarta ta fi ƙwarewa a kai. Saratu, duk da bokonta da Turancinta, sai kunya ta kama ta. Yaya za ta yabi 'yar fari a gaban mutane? Ta ce, "Tana dai ƙoƙari." Shugabar ta fara rubuta cewa a duba kunnen yarinyar, a kuma mayar da ita aji biyu.

Daidai nan wata mai aikin kicin ta shigo da shayi, ta ji Saratu na raɗa, "Ke, ɗago kanki mana." Ta dire tire. Sunanta Kande, 'yar Zangon Kumasi a ƙasar Gana. Ta ce, "Ikon Allah! Mutanenmu! 'Yata, wa ake ce miki a gida?" Yarinyar ta ce, "Ummi." Kande ta juya ga shugabar ta warware mata komai: sunan kaka, sunkuyar da kai, kunyar 'yar fari. Sannan ta harari Saratu ta ce, "In ke ba za ki yabe ta ba, matsa, ni ba ni na haife ta ba." Ta miƙa wa Ummi littafi. Ummi ta karanta shafi biyu ba gargada, shugabar ta yage takardar da ta fara rubutawa tana dariya. Aji huɗu aka sa ta.

Bayan shekara Saratu ta haifi mace. Ɗahiru ya ce ta zaɓi sunan ɗaya daga cikin matan nan uku a sa wa jaririyar. Ummi, wadda ta zo ta uku a ajinsu, ta ce ita dai roƙonta, duk wanda aka sa a riƙa kiranta da shi.

Saratu ta kasa zaɓa. Ba don Baraka ba, da ba su san makarantar ba. Ba don Zulai ba, da ba a kira su ganawa ba. Ba don Kande ba, da sun fito da yarinya 'yar aji biyu. Gobe suna, an riga an sayo rago.

To, Baraka, Zulai ko Kande, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?