Injiniyan da Ya Cire Safaya

To, ku gyara zama, na kawo muku shari'a, kuma ba mai tashi sai an yanke.

Mudansir ɗan Malam Barau ya dawo Rafin Tsamiya daga Turai da digiri na biyu a kan ƙera motocin tsere, waɗannan masu ciki a ƙasa kamar ƙadangare. Ya aika takardun neman aiki har ya gaji. Wa ke tseren mota a nan? Shekara biyu yana zaune, kunya ta hana shi zuwa ko ɗaurin aure, don kada a ce masa, "Injiniya, ya aiki?" Da ƙungiyar gari ta ga haka, sai ta damƙa masa kula da motar ɗaukar marasa lafiya, albarkacin mahaifinsa.

Wai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Masu wahalar motar tun fil azal su uku ne, shi kuwa ya zo ya raina su duka. Ya ce Gwanja makanike gyaran lalube yake yi, Ilu mai faci iska yake sayarwa, Tanko direba kuwa kunkuru ne. Ya ce nauyi ne maƙiyin gudu, ya cire safayar taya da jak, ya sauko da cikin motar har ya kusa taɓa ƙasa.

Ran kasuwa da hantsi, kububuwa ta sari Malam Barau a gona. Maganin dafi sai babban asibiti. Aka sa shi a motar, Tanko na tuƙi, Mudansir na gefensa. A kan kwalta mota ta yi gudu kam, Mudansir har yana ƙirga mintoci. Suna sauka hanyar burji sai ji kake ƙarrr! Dutse ya huda tankin mai, taya ta fashe. Tanko ya buɗe but, wayam, ba safaya ba jak. Ya juyo ya dubi yaron. Mudansir ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige, ga ƙafar ubansa tana ta kumbura.

Sai ga Gwanja da Ilu a kan babur, za su kasuwa da kayan aikinsu.

Gwanja ya kwanta cikin ƙura, fetur na zubo masa a fuska, ya murje sabulun wanki ya liƙe hujin. Ba don shi ba, da ko ɗigo bai rage ba.

Ilu ya jera duwatsu a ƙarƙashin mota, ya ari fartanya ya haƙa rami ƙarƙashin tayar har ta yi lilo, ya ciro ta ya yi faci, ya ba ta iska da famfon hannu. Ba don shi ba, da motar tana nan a tsugune.

Man da ya saura ba zai kai rabin hanya ba. Tanko ya yanke ta burtalin shanu da shi kaɗai ya sani, yana kashe inji a kowace gangara, yana lallaɓa ta a kan kwazazzabai. Mai ya ƙare daidai ƙofar asibiti. Likita ya ce da sun ƙara rabin awa, da sai dai wani labarin.

Ba wanda ya tona Mudansir a gari, wannan shirun kuwa ya fi masa duka zafi. Da kansa ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa, yana kuka, ya faɗi abin da ya yi.

Tsohon ya ce, "Karatunka ba banza ba ne, hannu ne ba ka da shi. Gobe da safe ka tafi wurin ɗaya daga cikinsu, ka cire takalmi, ka ce ka zo koyon aiki. Wanda ya fi ceton raina shi ne ubangidanka."

Gari ya waye, Mudansir na tsaye a bakin tasha, kansa a sunkuye, su ukun suna kallonsa daga rumfunansu.

To jama'a, gaban wa zai fara cire takalmin?