Hular Lawwali

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Wurno da Kwargaba. Ba ni faɗin sunanshi, don har yau shina da rai, kuma Allah na son sutura. Sauran waɗanda za ku ji ma na sauya musu suna. Kada wani ya fita masallacin ga ya ce Malam ya yi da wane. Ku ɗauki darasin, ku bar mutumin.

Manomin albasa ne, ɗan gidan rufin asiri. Gidansu an san su da abu guda. Duk wanda anka haifa cikin zuri'ar da farin gashi yake zuwa bisa goshi, ɗan tsagi kamar an shafa mai gari. Kakanshi na da shi, ubanshi na da shi, shi ma haka. Ku riƙe wanga, za mu komo gare shi.

Lokacin da shina saurayi, akwai wata budurwa mai kawo fura fadama ga masu dashen albasa. Habi sunanta, marainiya ce, tana zaune wurin gwaggonta Hassana. Ya fara da sayen fura, ya koma ba'a, daga ba'a ya koma alkawari. Ya rantse mata da an kwashe albasa zai turo magabatanshi. Ya 'yan uwa, Shaiɗan bai taɓa ce ma mutum zo ka yi zina ba. Cewa yake, ai aurenta za ka yi. Abin da bai kamata ba ya auku.

Ba a daɗe ba Habi ta ishe shi bakin gona, ta ce mai ta yi ɓatan wata.

Mi kuke zato ya yi? Ya tuba? Ya tafi ga iyayenshi ya sadda kai ya ce na yi ɓarna? Ina! An riga an nema mai ɗiyar wani mai hali a Rabah, Kulu, kuma ba shi son abin da zai taɓa wagga magana.

To mutumen ya ɗan zauna zauren malamai, irin zaman nan da ake tsintar abin da ya dace da son rai a bar saura. Can ya ji cewa a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne. Matar aure in ta haihu bayan wata shida da tarewa, ɗan na mijinta ne, ba a tone-tone. Malamai na karantar da wanga don a rufa asirin bayin Allah. Shi kuwa sai ya ga ƙofar gudu.

Akwai wani masunci a bakin madatsar ruwa ta Goronyo, Sa'adu, wanda yake sayen kifi gare shi. Matar Sa'adu ta rasu, shina son aure, ba shi da hali. Mutumen ya tafi ya yaba mai Habi, ya ce shi zai ɗauki nauyin komi saboda Allah. Saboda Allah, kun ji! Sa'adu ya yi ta godiya. Gwaggo Hassana ta gane abin da ke ciki, ta ja bakinta ta yi gum. Anka yi komi cikin gaggawa. Ran ɗaurin aure mutumen na sahun gaba, goron ma shi ya saya, ya shafa fatiha da hannuwan nan nashi.

Habi ba ta yi gardama ba. Wa za ta gaya ma? Saƙo guda ta aiko ma mutumen ta bakin gwaggo: ta bar shi da Allah.

Wata bakwai da tarewa ta haifi namiji. Mata sunka ce bakwaini ne. Sa'adu ya yanka rago, anka raɗa ma yaro suna Lawwali. Da labari ya kai ga mutumen, ya sauke numfashi, ya ce ya sha. Ya auri Kulu, anka yi biki na kece raini.

Shekaru sunka tafi, Allah ya buɗa mai. Rudu bayan rudu, rumbunan ajiya ke nan, cike da albasa, motoci na lodi ƙofar gidanshi zuwa kudu. Ya je Makka ya komo Alhaji. In za a gyara masallaci, shi ake fara tuntuɓa. Kada ku ga an ba mutum ku ce an yafe mai. Wani lokaci talala ce.

Gida kuwa shiru. Kulu ba ta haihu ba. Ya ƙaro ta biyu, shiru, ta fita ta yi aure wani wuri ta haifi tagwaye. Dangi na ta kiran Kulu juya, tana haɗiyewa. Daga ƙarshe ya tafi asibiti Sakkwato a ɓoye, likita ya gaya mai wani ciwo da ya yi bayan aure ya rufe mai ƙofar haihuwa. Ya komo bai gaya ma kowa ba, ya bar Kulu da sunan da anka laƙa mata.

Wata ranar kasuwar Goronyo, shina tsaye ana ciniki, sai ga wani yaro matashi ya zo sauke kwandon bandar kifi. Kwando ya ja hularshi ta faɗi. Ga farin tsagi bisa goshi. Yaro ya yi wuf ya ɗauke hula ya mayar. Mutumen ya tambayi na kusa da shi ɗan wa ne wancan. Anka ce Lawwali ne, ɗan Sa'adu masunci.

Daga ranar abinci ya daina yi mai daɗi. Ɗa guda Allah ya ƙaddara zai fito daga jikinshi duk duniya, kuma shi da kanshi ya ɗauke shi ya aza bisa shimfiɗar wani, har da sayen goro.

Ya aika ma yaro keke, Sa'adu ya mayar mai da keken, tare da godiya. Ya aika a ba shi yaron ya koya mai fataucin albasa, Sa'adu ya ce ɗanshi na makaranta. Ya aika ga Habi, ta ce ba ta san mai saƙon ba. Sai wani abokinshi mai yawan shiga birni, irin abokan nan masu zuga ka su koma gefe, ya ce mai ai yanzu zamani ya zo da gwajin jini, ana gane uban ɗa ko an ƙi ko an so. Ya ce ya kai ƙara kawai.

Limamin garinsu ya ji ƙishin-ƙishin, ya kira shi gefe. Ya ce, "Alhaji, abin da Allah ya rufe kada ka buɗe. In kana son yaron ga, yi mai alheri daga nesa, ka bar mai wasiyya in ka so, ka tuba tsakaninka da Ubangijinka. Akwai mace cikin maganar ga, tana zaune lafiya ɗakinta."

Bai ji ba. Ba alherin yaron ya dame shi ba. So yake a ce Lawwali ɗan Alhaji wane, gonaki su samu magaji mai farin goshi.

Ran shari'a kotu ta cika har waje. Masu sayen albasa na nan, 'yan uwan Kulu sun zo daga Rabah, masunta sun bar ruwa sun zo. Habi na can baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Lawwali na zaune kusa da Sa'adu, bai ma san dalilin da ya sa anka kira su ba.

Alƙali ya tambayi mutumen ko ya taɓa auren matar. Ya ce a'a. Alƙali ya ce to ta wace hanya ɗanta ya zama nashi? Dattijo ne alƙalin, ya san inda maganar ta nufa. Ya yi ta ba shi hanyar fita, ya ce ko dai kama ce ta ruɗe shi, ko ya koma gida ya sake tunani. Mutumen ya ƙi. Ya buɗe baki gaban jama'a ya faɗi abin da ya faru a fadama, dalla-dalla. Sannan ya nuna yaro ya ce a cire mai hula kowa ya gani.

Lawwali ya sa hannu biyu ya dafe hularshi. Wallahi wanda ya ba ni labarin ya ce a nan ne ya kasa ci gaba da kallo.

Alƙali ya ce ba mai taɓa yaro. Ya juya ga Sa'adu, ya tambaye shi ko shina da shakka bisa ɗan nan.

Sa'adu ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ran suna da wanzami ya zo aski, ni na riƙe kan yaron ga. Na ga abin da na gani. Na aje shi cikin cikina, na tashi na yanka ragona. Hular ga ni ka saya mai tun shina rarrafe. Ɗana na."

Alƙali ya dubi mutumen ya ce, "Ɗa na mai shimfiɗa ne."

Maganar da ya fake da ita shina saurayi, ita anka karanto mai da furfura a gemu. Alƙali ya ce ba jinin da za a ɗiba, don ko an gwada ba ya sauya hukunci. Ya ce abin da mutum ya amsa da bakinshi kanshi kaɗai yake ci, abin da ya jefi matar da shi kuwa ba shaidu, ƙazafi ne. Anka fitar da Alhaji bakin kotu, anka tuɓe babbar riga, anka yi mai bulala mutane na kallo.

Bulala ta warke, ba ita ce abin ba. Kulu ta tattara kayanta. Ta ce ta jure a kira ta juya shekara da shekaru, amma ba ta iya zama da wanda ya sayi goron auren wadda ya ɓata. Mutanen masallaci sunka daina tuntuɓarshi. Albasar da ya bari cikin rudu shina sintirin kotu ta ruɓe har anguwa na toshe hanci. In ya shigo sahu, sai ka ga na kusa na ɗan matsawa.

Kuma ba shi kaɗai ya sha kunyar ba. Habi ta daina zuwa suna da biki. Lawwali ya daɗe bai koma makaranta ba, don yara sun fara kiranshi da kalmar nan da kunka sani, wadda ba ni faɗi bisa mumbarin ga. Mi yaron ya yi? Wane laifi ya aikata? Ku ji tsoron Allah ku hana ɗiyanku wagga kalma. Ɗa ba ya ɗaukar zunubin wanda ya jawo shi duniya.

Yanzu in kun je kasuwar Goronyo, ku bi ta rumfar wanzamai. Za ku ga wani tsoho zaune can gefe, ba shi saye, ba shi sayarwa. Lawwali yake jira. Kowace kasuwa yaron na zuwa a aske mai kai ƙwal, tun kafin farin ya yi tsawo. Ya bar sa hula, ba ya bukatarta. Sau guda tsohon ya yi ƙarfin hali ya gaishe shi. Yaro ya ce, "Lafiya lau, Malam," kamar yadda ake amsa ma baƙo, ya juya ga Sa'adu ya ce, "Baba, mu tai."

Ni da idona na ga abin da ya biyo baya. Da sunka wuce, tsohon ya duƙa ƙarƙashin kujerar wanzami, ya tsince ɗan farin gashin nan daga cikin ƙasa, ya hure, ya zuba aljihu. Ya ɗago ya ga ina kallonshi. Ni na fara kau da kai.

Ya 'yan uwa, ku samari da ke bayan sahu, da ku nake. Ɗa ta ƙofar aure yake shigowa gida. Wanda ya yi dashe gonar wani, kada ya zo da buhu ran girbi. In kun yi kuskure ku tuba da wuri, kada ku rufe zunubi da yaudara, kada ku mayar da karatu mafaka. In kuwa Allah ya riga ya rufa ma wata baiwa tashi asiri, wa ya aike ka ka yaye?

Allah ya saka ma irin su Sa'adu da Aljanna. Allah ya share hawayen Habi, ya raya Lawwali bisa alheri. Shi ma tsohon, Allah ya karɓi tubanshi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu, kada ya bar mu da abin da za mu tsinta a ƙasa. Amin.