Wankan Gawar Barde Tanimu

An yi wani sarki a Birnin Gawo mai suna Mahmuda, mai kishin talakawansa ne ƙwarai, sai dai in ransa ya ɓaci, hukuncinsa yakan riga shawararsa fita. A zamaninsa fatake suka shigo da wani baƙin ƙaro da ake kira afyuni, wanda ke kwantar da ciwo komai tsananinsa, amma duk wanda ya saba da shi ba ya rabuwa da shi sai da azabar da ta fi ciwon farko. Da Sarki ya ga magidanta suna lalacewa, sai ya sa aka yi shela cewa duk gidan da aka sami mai sha, a shafa wa ƙofarsa baƙin tukunya, kada a shiga, kada a ci da mutanensa, kada a nemi aure a cikinsa.

Wata safiya alƙalin birnin, Malam Mudi, ya fito zaure ya tarar da wata tsohuwa durƙushe. Ya dube ta ya gane Gambo ce, matar Barde Tanimu, jarumin da ya tare wa Sarki mashi da kwankwasonsa a fagen yaƙi.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, maigidana ya cika, kuma an rasa namijin da zai tsallake ƙofarmu ya yi masa wanka."

Alƙali ya yi salati, ya ce, "Gambo, yaya Barde ya kai ga wannan?"

Ta ce, "Maɗori ne ya fara ba shi saboda raunin mashin nan. Da doka ta fito, maɗori ya ɗauke ƙafa. Maigidana ya so ya bari, Malam. Da bakinsa ya ce in ɗaure shi a jikin turmi, yana makyarkyata yana kiran uwarsa. Da ya kasa, sai ya koma saye a bayan ganuwa, wurin masu gauraya shi da abin da Allah kaɗai ya sani."

Malam Mudi ya san dokar ba ta ware alƙali ba, kuma rawaninsa na iya tafiya a kanta. Amma ya tuna wankan mamaci haƙƙi ne da ya girmi kowace shela. Ya ɗauki buta da likkafani ya bi ta, mutanen unguwa suna leƙe ta katanga. Da ya ɗaga gawar, sai ya ji mutumin da dā ke kayar da ingarma ya koma kamar kara, hawaye suka zubo masa. Shi da mai haƙa kabari kaɗai suka sallace shi.

Kafin azahar dogari ya zo kiransa. Ya tarar da fada ta rabu biyu: Galadima na cewa a tsananta, a riƙa korar masu sha daga gari, Sarkin Kasuwa na cewa hani bai haifar da komai ba sai masu sayarwa a ɓoye, gara a bar shi a fili kamar goro da taba.

Sarki ya ce, "Alƙali, an ce ka shiga gidan da na hana. Ga waɗannan biyu, gaya mini mai gaskiya a cikinsu. In jawabinka ya gamsar da ni na yafe maka, in bai gamsar ba ka ajiye rawani."

Alƙali ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Galadima ya ga guba bai ga majinyaci ba, Sarkin Kasuwa ya tausaya wa majinyaci ya manta da masu lafiya. Wuta ba a korar ta daga gari, ba a kuma miƙa ta ga yara, murhu ake yi mata. A tsare ƙaron nan a hannun amintattun masu magani, su riƙa rage wa wanda ya kamu sannu a hankali, a hukunta mai jawo lafiyayye cikinsa. Amma tozarci, ranka ya daɗe, ba ya warkar da kowa, ɓoye mutum kawai yake yi har ya mutu. Haka ya yi wa wanda na wanke yau."

Sarki ya ce, "Wane ne shi?"

"Barde Tanimu."

Sarki ya dubi fadawansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ba ku ne kuka ce mini ya koma ƙauye noma ba?" Ba wanda ya ɗaga kai.

Nan take ya miƙe, ya tafi gidan a ƙasa, alƙali na biye da shi. Ya zauna a kan tabarma ya yi wa Gambo ta'aziyya, ya ce, "Me ya hana ki zuwa gare ni?"

Ta ce, "Shi ya hana ni, ranka ya daɗe. Cewa yake, kada a ce bawan Sarki ne ya karya dokar Sarki."

Sarki ya rufe fuskarsa da hannun riga. Washegari ya soke shelar, ya sa a gina gidan jinya, ya ɗauki nauyin Gambo har ƙarshen ranta. Ya yafa wa Malam Mudi alkyabbarsa a gaban jama'a, ya ce daga yau babu dokar da za ta fita sai an ji ta bakinsa. Mutane da yawa sun warke a gidan nan, amma alƙali bai taɓa wucewa ta maƙabarta ba face ya tsaya, yana cewa a ransa da ma gaskiyar ta isa fada tun Barde yana numfashi.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, adalcin da ya makara ba ya tayar da na kabari, sai dai ya tsare na raye. Kuma sarki nagari shi ne wanda ke bambanta mai laifi da mai ciwo tun kafin ya ɗaga sanda.