Sarkin da Ya Manta Nufinsa

An ce wani sarki ne, a wata shekara da annoba ta faɗa wa garinsa, ya ce a gaban fadawa, "Kada a ƙazantar da kogi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya bar wa Sarkin Ruwa Barmo ya tsara yadda za a bi.

Barmo mutum ne mai himma. Daga wannan kalma ya fitar da dokoki: ya hana wanki, ya hana jiƙa fata, ya hana shayar da raƙuma, kowace kuwa da sunan sarki ake zartar da ita. Annoba ta wuce, dokoki suka yi ta haihuwa.

Ran nan aka gurfanar da wani marini, Tanimu, wanda ruwan rininsa na baba ke gangarawa kogi. Barmo ya yanke a cike karofinsa a kore shi daga gari, shi da iyalinsa. Alƙali Ɗalhatu ya ce bai yarda ba, magana ta kai fada.

Barmo ya ce, "Ya sarki, ni na san kogi. Abin da duk ya sauya launin ruwa ƙazanta ne."

Alƙali ya ce, "Ya sarki, ni na san kalma. Ƙazanta najasa ce, baba kuwa ganye ne."

Suka haɗa baki, "Kai ka faɗa, kai za ka gaya mana abin da ka nufa."

Sarki ya laluba zuciyarsa, bai tarar da komai ba sai wani mushen jaki da ya taɓa gani yana yawo a kan ruwa. Shi ya nufa, ko har da wanki? Da Barmo ya yi magana sai ya ji ai haka ya nufa, da alƙali ya buɗe baki sai ya ji a'a, wannan ne. Ga Tanimu durƙushe, hannuwansa sun yi shuɗi, yana jiran a ce masa ya tafi ko ya zauna.

Sai sarki ya aika a kira Malam Jatau, wani tsohon masani da ya ajiye alƙalanci ya koma gona.

Malam ya saurara, ya ce, "Ya sarki, dokar nan ta wa ce?"

"Tawa ce."

"To, karanto mini ita."

Sarki ya kasa, ya nuna Barmo. Barmo ya ce, "Ni ɗan aike ne, dokar sarki ce."

Malam ya ce, "Mai ita bai san ta ba, wanda ya san ta ya ce ba tasa ba ce. Kai marini, yaushe ka ji ta?"

Tanimu ya ce, "Allah gafarta malam, ranar da dogarai suka zo da ita. Da an tambaye ni, da na haƙa rami na karkatar da ruwan."

Sarki ya ƙara ruɗewa, ya ce, "Malam, na kira ka ka warware, ka ƙara ɗaurewa. Fassarar wa zan bi?"

Malam ya ce, "Ya sarki, kafin ka zaɓa, ina magudanar bargar dawakinka take zuba?"

Barmo ya ce a hankali, "A kogi."

Malam ya ce, "In ka bi Barmo, kai da marini za ku bar gari tare. In ka bi alƙali, marini zai zauna, kai kaɗai za ka tafi."

Sarki ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya sauko daga karaga ya ta da Tanimu da hannunsa, ya ce ya koma karofinsa ya haƙa ramin, fada ma za ta haƙa nata. Ya kuma yi umarni kada a sake zartar da wata doka sai an shelanta ta a kasuwa, an ji ta bakin waɗanda za ta hau kansu, an kuma karanta masa ita ya ji da kunnensa.

Ya dubi fadawa ya ce, "Dokar da mai ita bai fara auna ta a kansa ba, zalunci ce da ta ari sunan adalci."