Hayaƙin Ɗorawa Arba'in

An ce wai a garin Rafin Kaura an yi wani alƙali, Malam Ɗahiru, wanda ba ya yanke hukunci sai ya taka da ƙafarsa inda abu ya faru. A zamaninsa wani kamfani ya yi shela cewa duk wanda gonarsa ta gaji ta zama fili, in ya dasa mata itatuwan gargajiya, za a riƙa biyansa duk shekara, domin itatuwa na shanye hayaƙin da masana'antun wasu ƙasashe ke fitarwa.

Ran nan wata tsohuwa mai daddawa, Gwaggo Tabawa, ta faɗi gabansa. Ta ce, "Allah gafarta Malam, Alhaji Sallau ya ƙone ɗorawar gonarsa, arba'in cif! Tun ina budurwa kalwarsu nake dafawa ina ciyar da gidana."

Alƙali bai yarda ba sai da ya je. Da ya hango wurin sai ya tsaya cik, yana ta salati. Itatuwan da suka girmi kakansa sun koma toka da baƙaƙen kututture, a tsakaninsu kuwa ga ƙananan dashen ɗorawa jere, ko gwiwa ba su kai ba.

Sallau ya ce, "Malam, gonata ce, itatuwana ne. 'Yan kamfani sun ce fili suke so, na mayar da ita fili. Na ƙone arba'in, na dasa dubu. Ina laifina?"

Alƙali ya dubi tokar. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya san gonar ta Sallau ce, kuma Sallau bai saɓa wa shelar kamfanin ba. Can sai ya sa aka kira wakilin kamfanin, ya tambaye shi, "Me kuke saye a nan, itace ko fili?"

Wakili ya ce, "Ko ɗaya, Malam. Hayaƙin da itace ya shanye muke biya."

"To, hayaƙin waɗannan arba'in ɗin, ina ya tafi?"

"Sama ya tafi."

"Shekara nawa dashen nan zai yi kafin ya shanye shi?"

Wakili ya dubi kaurin kututturen. "In sun rayu, a ƙalla ashirin."

Alƙali ya juya ga Sallau. "Ka ji da kunnenka. Ba a sayar da aikin da bai fara ba. Dashenka zai shanye hayaƙin da ka tayar tukuna, kafin ya sha na baƙi. Shekara ashirin za ka yi kana ba su ruwa, kamfani ba zai biya ka ko kwabo ba. Ranar da suka yi 'ya'ya, gidan Tabawa ne zai fara tsinka."

 Sallau ya zauna daɓas cikin tokar, jama'a suna kallo.

Wanda ya ɓata abu da hannunsa, gyaran da zai yi ramuwa ce, ba abin neman lada ba.