Kwat ɗin da Ya Ce Tun Bara Ya Saya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai shagon wanki da guga a bakin wani titi mai yawan ofisoshi. Shagon ɗan ƙarami ne. Injin wanki biyu a baya, teburin guga a tsakiya, sai wani dogon ƙarfe daga bango zuwa bango, kayan mutane na rataye a kansa cikin leda. Duk rigar da aka kawo, sai ya maƙala mata 'yar takarda mai lamba a wuya, ya yago rabi ya ba mai kaya. Hannunsa na da kyau ƙwarai. Idan ya goge maka wando, sai ka sa shi kwana uku karin bai kwanta ba. Yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma sana'ar tana riƙe da gidan.

Ciwonsa ɗaya ne, son a gan shi. Yini yake yana shafa yadin da bai taɓa sa irinsa ba, yana juya wuyan rigar mutane yana karanta sunan kamfani. Da yamma idan ya dubi tasa rigar sai ransa ya ɓaci, kamar wani ne ya zalunce shi.

Yana da wa, direban motar haya, mutum mai sanyin hali. Da yayan ya lura da halin da ƙaninsa yake ciki, sai ya ɗauke shi wata safiya suka tafi kasuwar gwanjo, ranar da ake fasa sabuwar dila. Yana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya yana nuna masa.

“Ka duba wuya, ka duba hammata, ka ja ɗinkin ka gani,” in ji yayan. “Namiji riga uku ta ishe shi, da wando biyu masu duhu, da takalmi ɗaya da yake gogewa. Kai da kake da dutsen guga a hannu, wa zai fi ka fitowa tsaf?”

Suka sami shuɗayen riguna biyu iri ɗaya, masu ƙarfi, masu araha. Yayan ya ɗauki ɗaya, ya ba shi ɗaya. Mai wanki ya karɓa ya yi godiya a baki. Ko mako ba a yi ba ya mayar da tasa tsumman goge dutsen guga, wai shi ya fi ƙarfin kwancen wani. Ku ji fa, mutumin da ya raina kwancen da aka saya da halak, ku ga inda zai ƙare.

Abin ya fara ne wata rana da tsakar rana, ba kowa a shago. Ya zare wata farar riga daga leda, ya sa, ya tsaya gaban madubi. Ya ce gwadawa kawai zai yi. Bayan kwana biyu ya sa wata ya je gida da ita, da safe ya wanke ya mayar. Wa ya gani? Wa ya yi asara? Haka Shaiɗan ya riƙa tambayarsa, shi kuma yana gyaɗa kai.

Ya san masu kayansa sarai. Ya san wanda yake tafiya ya yi mako biyu, ya san mai mantuwa, ya san wanda kaya suka yi masa yawa har bai san adadinsu ba. Daga aro sai ya koma riƙewa. Mai kaya ya zo, sai ya marairaice ya ce riga ta ɓace, ko dutse ya ƙona ta. Wasu su yi faɗa su tafi, wasu su ce Allah ya kiyaye gaba. Unguwa kuwa ta sa masa suna Ɗan Gayu, shi kuma sunan yana masa daɗi fiye da nasa na yanka.

Yana da wata dabara da yake ganin ta fi ta kowa. Don kada a ce daga shago ya ɗauko, bai taɓa yarda cewa kayan da ke jikinsa sababbin zuwa ba ne. Duk wanda ya yaba, amsa ɗaya yake ba shi: “Wannan? Ai tun bara na saya, ajiyewa na yi.” Matarsa ta ji wannan magana har ta haddace ta. Baiwar Allah, ba ta taɓa zarginsa ba, sai dai ta yi dariya ta ce akwatinsa ya fi na amarya zurfi.

Kuma kowace Alhamis bayan azahar yakan rufe shago. Sai ya zaɓi kwat mafi tsada a kan ƙarfen nan, ya sa, ya hau mota zuwa can ɗaya gefen gari inda ba wanda ya san shi. Ya shiga wani babban otel, ya zauna a falo da kofin shayi ɗaya har la'asar ta yi sanyi. Ba abin da yake nema a wurin illa mai tsaron ƙofa ya rusuna ya ce masa “ranka ya daɗe”. A gida kuwa an san yana shago yana aiki.

Wata Juma'a da safe wani baƙo ya shigo da kwat a naɗe cikin leda. Ruwan ƙasa ce, an bi bakin aljihunta da jan zare, maɓallanta na ƙarfe, kowanne da zanen tauraro. Maɓalli ɗaya ya cire a hannun hagu, kuma akwai baƙin tabo a bakin hannun.

“Haɓo na yi,” in ji baƙon. “Ka fitar min da shi tas.”

Mai wanki ya fitar da tabon tas, don ya iya aikinsa. Ya nemo wani maɓalli mai kama da sauran ya ɗinka. Sannan ya sa ta ya tsaya gaban madubi, sai ya ga ta zauna masa kamar a jikinsa aka auna. A nan take ya yanke cewa kwat ɗin nan ba za ta koma ba.

Da baƙon ya dawo, mai wanki ya haɗa hannu biyu ya fara ba da haƙuri. “Ranka ya daɗe, tsautsayi ya faru. Dutse ya cinye bayanta gaba ɗaya.”

Baƙon ya tambaye shi, “Tana ina yanzu?”

“Tun jiya masu shara suka tafi da ita.”

“To madalla, ba komai. Kawo rabin takardar da ke wurinka.”

Ya ɗauko rabin da ya cire daga wuyan kwat ɗin ya miƙa masa. Baƙon ya haɗa da nasa rabin, ya yayyaga su, ya zuba a aljihu, ya fita bai ko waiwaya ba. Mai wanki ya zauna yana dariya shi kaɗai. Tun da ya fara sana'a bai taɓa haɗuwa da mai kaya mai sauƙin kai irin wannan ba. Ya 'yan uwa, mutum ya rasa kwat mai tsada ya ce madalla, ba za ka tsaya ka tambayi kanka dalili ba? Bai tsaya ba. Kwaɗayi ya riga ya rufe masa ido.

Ya sa ta ya je gida. Matarsa ta shafa aljihun ta ce, “Maigida, wannan kuma yaushe?” Ya ce tun bara. Yayansa ya gani ya tambaya, ya ce tun bara. Ya ɗauki hoto da ita a ƙofar shago, ya ɗora a waya kowa ya gani, ya rubuta a ƙasa cewa tsohuwar ajiya ce ya fito da ita.

Bayan mako uku, da hantsi, yana cikin guga, 'yan sanda biyu suka shigo. Kwat ɗin tana rataye a bayan kujerarsa. Babban cikinsu ya ɗaga hannunta na hagu, ya ƙura wa maɓallin nan ido, ya ciro wani daga 'yar leda ya kara. Na ledar mai tauraro ne, irin sauran da ke jikin kwat ɗin.

A ofishinsu aka faɗa masa abin da ya faru. Ranar wata Alhamis da la'asar, an shiga wani ɗakin ajiyar kaya an yi sata, an doki mai gadi a ka. Dattijo ne, ya yi jinya ya cika a asibiti. An sami maɓallin a damƙe cikin hannunsa. Kyamarar wurin ba ta kama fuska ba, ta dai kama mutum mai tsayinsa sanye da kwat mai jan zare a aljihu. An baza hoton, wani kuma da ya taɓa ganin na mai wanki a waya ya nuna musu shagon.

Ya ce, “Yallaɓai, wallahi ba tawa ba ce. Wani ne ya kawo wanki.”

“Ina takardarsa?”

“Ya yaga.”

“Sunansa?”

Bai sani ba.

“Mai kaya ya bar maka kwat irin wannan, ya yaga takarda, ya tafi? To me ya sa ka rubuta cewa tsohuwar ajiyarka ce?”

Aka kira matarsa. Ta zo a gigice da goyo a baya, a zatonta sata ake zarginsa da ita. Tana so ta ceci mijinta, sai ta dafa ƙirji ta ce, “Yallaɓai, tasa ce. Tun bara ya saye ta, ni shaida ce.” Yana jin ta daga bayan ƙarfen ɗakin da aka kulle shi. Ya yi ta kiranta yana cewa ta yi shiru, ita kuwa tana ƙara rantsuwa, don ba ta san komai ba sai abin da ya koya mata. Aka tambayi yayansa. Mutum ne da ba ya ƙarya, ya sunkuyar da kai ya ce abin da ƙaninsa ya faɗa masa ke nan.

Sai tambaya ta gaba: ina yake ranar Alhamis ɗin da la'asar? Matarsa ta ce yana shago. Maƙwabtan shago suka ce a rufe yake, kamar kowace Alhamis.

A nan ne ya fasa komai. Ya durƙusa yana kuka ya faɗi aron da yake yi, da riƙewar, da otel ɗin, da kofin shayin. Ya ce a je gidansa a duba, za a ga gaskiyarsa. Aka je. Aka buɗe akwati da durowa aka fito da riguna da wanduna na mutane, wasu har da ramin allurar takarda a wuya. Me wannan ya tabbatar? Ya tabbatar cewa shi ɓarawo ne kuma maƙaryaci. Bai tabbatar cewa wani baƙo ya taɓa shigowa shagonsa ba.

Saura mutum ɗaya, mai tsaron ƙofar otel. Mai wanki ya rataya ransa gaba ɗaya a kansa. Wata nawa mutumin nan yana rusuna masa? Aka kawo shi, ya dubi mai wanki sama da ƙasa, a lokacin yana sanye da singileti mai datti, ya girgiza kai.

“Yallaɓai, masu kwat da yawa suke shiga wurinmu. Ni kaya nake gaisarwa. Wannan ban san shi ba.”

Mai wanki ya kama ƙarfe yana roƙonsa ya sake dubawa, yana tuna masa kujerar da yake zama, da ranar da aka yi ruwa ya riƙe masa lema. Mutumin ya ce Allah ya ba shi haƙuri, ya fita.

Labari ya bazu. Masu kaya suka yi layi a ƙofar ofishin 'yan sanda, kowa yana nuna rigarsa da aka ce ta ƙone. Mai ginin ya karɓe shagonsa. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, shi ne da bakinta ya sa ta ɗaure shi. Alƙali ya saurari shaidu, ya dubi maɓalli, ya dubi hoton da mai wanki ya ɗora da hannunsa, ya yanke masa shekaru masu yawa. Baƙon kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Yayansa ne kaɗai yake zuwa ganinsa. Ranar ziyarar farko ya zo sanye da shuɗiyar rigar nan ta gwanjo, ta ɗan koɗe a wuya amma a goge take. Mai wanki yana cikin kayan gidan yari, iri ɗaya da na kowa, wandon bai kai masa idon sawu ba. Ya daɗe yana kallon rigar.

“Yaya, har yanzu tana nan?”

“Tana nan. Ai na ce maka mai ƙarfi ce.”

Mai wanki ya kifa kansa a kan tebur ya yi kuka har lokacin ziyara ya ƙare.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai kashe kowa ba. Ranar da ya faɗi gaskiya, gaskiya ce tsantsa ya faɗa. Amma wa zai karɓa? Ya shekara yana koya wa matarsa da ɗan uwansa da maƙwabtansa ƙarya, ranar da ya buƙaci shaida sai suka mayar masa da abin da ya ba su. Duk abin da aka damƙa maka amana ne, ko rigar wanki ce, ko mota a gareji, ko mabuɗin ofis. Kada ka ce ai zan mayar. Shi ma da haka ya fara.

Kuma ku matasa, ku saurare ni. Ba laifi ba ne namiji ya yi tsaf. Ka sayi abin da ƙarfinka ya kai, ka wanke, ka goge, ka fita da kanka a sama. Riga uku taka ta kanka ta ishe ka mutunci. Wanda yake rusuna maka saboda kwat, ranar da aka tuɓe maka ita ba zai gane ka ba.

Allah ya sa mu wadatu da abin da ya ba mu. Allah ya suturta mu da halak, ya tsare harsunanmu daga ƙaryar da za ta tsaya shaida a kanmu duniya da lahira. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.